Tsohuwar da Ta Ɗauki Tallana

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai tattara ya koma. Gwaggo ta riga mu ranar Lahadi da hantsi, a ɗakinta na ƙuryar gidanmu da ke New Bell, ana tsuga irin ruwan nan na Douala da ba ya son ɗaukewa. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Yayar mahaifina ce, ita ce babba a gidan, kuma tun da na yi wayo ban tuna safiyar da na farka ban ji muryarta tana yi wa wani faɗa ba.

Shi ya sa abin da kunnena ya jiyo a zaman makoki ya kusa kashe ni da takaici. Mata suna shigowa, su tuɓe takalma, su zauna, su ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta. Baiwar Allah, ba ruwanta da kowa." Wata ta ce ba a taɓa jin kan Gwaggo da wani ba. Wata kuwa, wadda ni da idona na ga Gwaggo ta fatattake ta da muciya daga tsakar gidan nan, har da share hawaye tana cewa, "Mai sanyin hali, magana ma ba ta dame ta ba." Na dubi matar, na dubi ƙofar ɗakin Gwaggo. Wallahi na ɗauka za ta fito.

'Yan kasuwar da suka zo daga Najeriya kwanan baya, waɗanda ke zaune a waje tare da maza, ba su da laifi. Ba su san ta ba, sun ji an yi rashi a unguwa, sun zo sun yi addu'a, Allah ya ba su lada. Amma mu da muka sha bakinta, me ya kai mu yi mata ƙarya? Ita da ba abin da ta tsana kamar kwana-kwana?

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, ita ma ba Bahaushiya ba ce. Mami mai gasa kifi a bakin layinmu, 'yar ƙabilar Bassa, ta shigo tana jan ƙafa, ta kama hannuna ta ce, "Ashiya," wato jajen mutanen nan. Sannan da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Matar nan ta zage ni tun ina budurwa har na yi jikoki. Yanzu wa zai zage ni?" Ta fashe da kuka. Sai a lokacin nawa kukan ya zo.

Ina cikin share ido na hangi 'yar ƙanena tana ratsa mata da tiren shayi a ka. Yarinya ce 'yar ajin ƙarshe na firamare. A makon nan ake yi musu jarrabawar gwaji, kuma malamarsu ta riga ta aiko cewa fashinta ya yi yawa, in ba ta zauna gwajin ba, ba za a kai ta babbar jarrabawa ba. Ranar Litinin ce, rana ta take. Yayyenta maza tun da safe sun rataya jaka sun tafi.

Na ja ubanta gefe, bayan durom ɗin ruwa. Na ce, "Me yarinyar nan take yi a gida?"

"Haba Yaya, rasuwa fa aka yi. Wa zai taya uwarta?"

"Su mazan ba kakarsu ba ce ta rasu?"

"Namiji zai wanke kofi ne? A yi sadakar bakwai tukuna, sai ta koma."

"Gobe fa za su fara gwaji."

Ya sosa ƙeya, ya ce ai ko ba rasuwa, bana da wuya. Babur ɗinsa na haya ya kwanta, uwar yarinyar ta fara dafa shinkafa da wake na sayarwa, kuma ba mai kai mata bakin kasuwa. "Yaya, c'est la crise," in ji shi, ya juya harshe zuwa Faransanci kamar yadda mazan gidanmu ke yi in gaskiya ta yi musu nauyi a Hausa. "Kuma don Allah kar ki tada rigima a gidan makoki."

A gidan makokin wa? Na Gwaggo! Ita kuwa kalmar nan, kriz, wato matsin tattalin arziki, na taɓa jin ta a tsakar gidan nan, daga bakin ubanmu, kuma a kaina aka faɗe ta. Shi ya sa nake wannan rubutun. In ba a rubuta ba, nan da 'yan shekaru Gwaggo za ta zama wata salihar tsohuwa mai jan carbi a lungu, alhali ba ita ba ce.

Gwaggo ba ta taɓa zama a aji ba. A zamaninta mutanen unguwarmu, waɗanda kakanninsu suka biyo fatauci daga arewa suka yada zango a bakin teku, suna ganin lekol, wato makarantar boko, ta masu coci ce. Ko namiji ma da ƙyar ake sakinsa. Kakanmu ya yarda a sa Baba ne kawai don ya ga 'ya'yan wasu ƙabilu suna samun aikin akawu a tashar jiragen ruwa. 'Ya mace kuwa ko zancenta ba a yi ba. Aikinta sananne ne: uwa tana cikin gida ba ta fita, ita ke suya, 'yarta ita ce ƙafarta, ita ke ɗaukar tire ta zaga unguwa. In ka ɗauke 'yar, ka kashe sana'ar uwar.

To, Baba yana ƙarami, hanya da nisa, ga kwatoci da ke cika su tumbatsa in an yi ruwa. Gwaggo aka ɗora wa kai shi. Ta goya shi a baya, tiren gyaɗa a ka, ta sauke shi a ƙofar aji, ta tsaya a gindin taga tana sayar wa 'yan makaranta har a tashi. Da ribar gyaɗar nan ake saya masa allo da alli da gajeren wando. A tagar ta tsinci abu ɗaya tak: in malami ya kira suna, yaro ya miƙe ya ce "Prezan," wato ga ni. Shi ke nan karatun Gwaggo, kuma ta riƙe abinta har ta mutu. Ko liman ne ya yi sallama ya tambaye ta, daga ƙuryar ɗaki sai ka ji, "Prezan!" Mun sha kunya da wannan a gaban baƙi.

A tsakiyar kanta akwai wani fili da ba gashi ko ɗaya, daidai inda gammo ke zama. Ba ta ɓoye shi. In mai kitso ta ce bari ta ja gashi ta rufe mata, sai ta buge hannunta ta ce, "Bar shi, satifiket ɗina ne."

Aure uku ta yi. Biyu ta fito da ƙafarta, na ukun mutuwa ce ta raba, shi ne ma ya kai ta Makka. 'Ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna goye. Sai ta dawo gidan ƙaninta da tukwanenta da bakinta. Ta yi faɗa da mahauci, ta yi da mai rediyo in ya karanta labarin da bai yi mata ba, ta yi da ruwan sama in ya jiƙa mata shanya. Kyauta ma da zagi take yin ta: "Ungo, ci, kin rame kamar uwarki ba ta ɗora tukunya." Lokacin da Mami mai kifi ta kwanta ciwo, Gwaggo ce ke kai mata kunu kullum, tana ba ta a baki tana gaya mata hayaƙin kifinta ne ya hana unguwa numfashi. In baƙuwa ta rasu ba dangi, ita ke wanke ta, ba ta jira a roƙe ta. Baba kuwa, da yake aikin ofis a tashar jiragen ruwa, yana fita da gogaggiyar riga ana gaishe shi da girma, ba ta kiransa komai sai Akawu.

Zuwa lokacina abubuwa sun ɗan sauya. Makarantun gwamnati sun yawaita, mazan da suka yi boko sun fara sa 'ya'yansu mata, ko da na 'yan shekaru ne. A ajinmu mu 'yan unguwar Hausawa mun cika benci biyu. Ranar da aka kai ni, Gwaggo ce ta riƙe hannuna, ta tura ni ciki, ta leƙa ta taga ta ga na zauna, ta yi tsaki ta tafi. Ban san me tsakin yake nufi ba sai da na girma.

Kowace yamma sai ta ce in kawo littafina ta duba. Ta duba me? Wani lokaci ma a kife take riƙe shi. Amma ta yanke wa kanta hukunci cewa jan biron malama alamar laifi ce. Ranar da na cinye lissafi duka, malama ta zana min yabo da jan biro har rabin shafi, na zo a guje ina murna, Gwaggo ta kama kunnena ta murɗe. "Duk wannan jan naki ne ke kaɗai? Abin da kike zuwa yi ke nan?" Baba ya yi bayani, Inna mahaifiyata ta yi bayani, ta ce baki muka haɗa. Har na gama firamare ba ta yarda ba. Kai, kunnena ya ga ta kansa a hannun matar nan.

Sai kriz ta shigo. Wanda bai ga shekarun nan a Douala ba, da wuya ya gane. Aka yanke albashi, aka sake yankewa, kamfanoni suka riƙa rufewa, maza masu kwat suka koma zaman benci. Baba ya tafi ofis wata safiya, ya dawo kafin azahar, bai sake komawa ba. Gida ya koma kan kaskon Inna. Ta fara suyar ƙosai da makala, irin fanken nan namu. Da farko 'yar maƙwabta ke ɗaukar mata, sai uwar yarinyar ita ma ta kafa nata kaskon. A layinmu, ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata suka riƙa ɓacewa daga aji. Ba wanda ya taɓa cewa ya cire 'yarsa. Cewa ake yi, "Ta ɗan dakata, sai abubuwa sun daidaita." Benci biyun nan namu suka koma ni da wata ƙawata.

Ina ajin ƙarshe, shekarar jarrabawa, Baba ya kira ni bayan la'asar. Ba ya faɗar sunana, ni ce 'yar fari. Ya ce, "Yarinyar nan, daga gobe za ki taya uwarki. C'est la crise. Baɗi in Allah ya so sai ki koma." Bai ɗago ya dube ni ba. Ƙannena maza kuwa za su ci gaba da zuwa. Ni dai na san baɗin nan ba ya zuwa, na ga waɗanda aka yi wa alƙawarinsa. Gwaggo ba ta nan, ta tafi Bépanda zaman jegon wata 'yar uwa, kuma na tabbata da gangan Baba ya zaɓi lokacin.

Na ɗan jima ina talla. Nauyin tiren bai dame ni ba. Abin da ke ci min rai shi ne in ji an kaɗa ƙararrawar lekol ina tsaye ina naɗe wa wani ƙosai a takarda. Wata safiya ina fitowa bakin layi sai ga Gwaggo tana sauka daga tasi da ƙunshin kayanta.

"Ke! Mene ne wannan a kanki?"

"Tallan Inna ne, Gwaggo."

"Yau ba lekol?"

Na sunkuyar da kai. Ta yar da ƙunshin kayanta nan cikin taɓo, ta sauke tiren daga kaina, ta fizge gammon, ta ɗora a nata. "Wuce ki sa rigarki. In na dawo na same ki a gida, sai na karya ki."

Hanyar lekol ta gaban masallaci take bi, inda maza ke zama a ƙarƙashin rumfar kwano tun da aiki ya ƙare. Baba na cikinsu. Ina zuwa da rigar makaranta na tarar da Gwaggo tsaye a gabansu, Hajiya guda, da haƙorin Makka, da mayafin fita unguwa, tire a ka. Ta maƙe murya irin ta ƙananan 'yan mata ta rangaɗa, "A sayi ƙosai! Ƙosai da zafinsa! Na gidan Akawu ne!"

Na'ibin liman ya ce, "Subhanallahi, Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. 'Yar tallan gidanmu ta tafi lekol, ni ce sabuwa. A zuba maka?"

Baba ya miƙe, ya matso kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, don girman Allah ki sauke. Ki rufa min asiri."

"Asirin me? Sana'a ce. Na yi ta kana bayana kana zuba min majina a wuya, ban ji ka ce in sauke ba."

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Gwaggo ta juyo ta gan ni raɓe a jikin katanga. "Ke kuma kallon me kike yi? Sai an rufe ƙofa?" Na kwasa da gudu.

Da yamma gidan kamar zai kama da wuta. Baba yana cewa ta zubar masa da mutunci, yanzu za a ce ya kasa ciyar da yayarsa. Ta ce, "Ai ka kasa ɗin. Matarka ke ciyar da mu, laifi ne?" Ya ce ita mace ko ta yi karatun, a ɗakin miji zai ƙare, gara a tattala na mazan. Nan ne Gwaggo ta zare ɗankwalinta, ta duƙa ta kai masa kanta daidai hancinsa.

"Karanta. Kai ne mai boko, karanta min abin da aka rubuta a nan."

Ya kau da fuska.

"Kai ɗaya mai irin wannan ya ishi gidan nan, Akawu. Na ɗauke na matan gidan duka. In tiren nan sai an ɗauka, to ko ni ko kai. Zaɓi."

Ya sa takalmi ya fita. Daga ranar ya daina yi mata magana. Bai ce na koma lekol ba, bai kuma ce kar in koma ba. Ni dai kullum in na ji Gwaggo ta ce "Wuce," sai in wuce.

Kar wani ya ɗauka ta zama gwanar ciniki. Tabɗi! Inna ta sha wuya. In mutum ya kira ta, sai ta fara tambayarsa ina 'yarsa. In ya ce tana taya uwarta, sai ta ce, "To je ka saya a wurinta," ta wuce. In ta ga 'yan makaranta sun yi zuru, ta raba musu kyauta. Akwai ranar da ta gaya wa masu saye da bakinta cewa ƙosan yau ya sha mai da yawa, ita dai ba ta ba su shawara ba. Inna ta zauna dirshan a gaban kasko ta ce, "Yaya, kashe min kasuwa za ki yi?" Gwaggo ta ce, "To ki gyara suyar mana." Abin da ya cece mu shi ne wasu suna saye don tsoro, wasu don su ga abin mamaki. Ranar da aka yi kwantai kuwa, shi ne abincin darenmu.

Bai ishe ta ba, ta bi gida-gida tana zuga tsofaffi irinta waɗanda suka gama aure, wai su tashi su karɓi tiren jikokinsu. 'Yan kaɗan suka biye mata, unguwa ta sa musu suna 'yan matan Gwaggo. Ba su daɗe ba. Ɗaya gwiwa ta hana ta, ɗaya ɗanta ya zo daga Logbaba ya ɗauke ta don kunya. Wasu yara sun koma aji ta dalilin nan, da yawa ba su koma ba. Ƙawata da muka rage a benci ita ma an dakatar da ita, ba ta da gwaggo. Har yau in na gan ta a bakin kasuwa da kulolin abinci, sai na rasa inda zan sa idona. Saboda haka kar wani ya ce Gwaggo ta gyara unguwa. Ba ta gyara ba, ta dai hana ta barci.

Ana cikin haka aka shiga kwanakin da ake rufe gari, ba kasuwa, ba tasi, matasa na ƙona tayoyi a kan titi, jami'an tsaro na harba barkonon tsohuwa. Inna ta roƙe ta ta zauna a gida. Ta ce ita cikinta bai shiga yajin aiki ba, ta ɗauki tire ta fice. Aka koro jama'a, suka bangaje ta, ta faɗa kwata, ƙugunta ya goce. A kurar turawa aka kawo ta, jikinta duk baƙin ruwa, gammo a hannu. Tana ganina ta ce, "Ina tiren?" Aka ce ya ɓata. Ta zagi wanda ya ɗauka har kakansa, sannan ta nuna ni da yatsa. "Ke kuma kar ki kuskura ki ce kin sami dalili."

Washegari na ga Inna ta gama suya tana kallon wani tsohon tire tana kallona. Na miƙa hannu zan ɗauka. Takalmi ya taso daga ɗakin Gwaggo ya same ni a kafaɗa. Tana kwance, ko juyawa ba ta iya yi, amma saitinta bai goce ba. Ta sa aka ɗauke ta aka ajiye a bakin zaure, ƙafa a miƙe, tire a kan benci, tana kiran masu wucewa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wa ya isa ya wuce? Tun daga nan take ɗingishi har ƙarshen rayuwarta.

Baba ne ya nemo maɗori, shi ke zama a ƙofar ɗakinta in ana gyaran ƙafar, yana jin ihunta yana murza hula. Amma magana, ina! "Yarinyar nan, gaya wa gwaggonki ta sha magani." "Gaya wa ubanki na ji, ba kurma ba ce ni." Suna kallon juna fa. Ni ce a tsakiya kamar ƙwallo, ga jarrabawa a gabana. Wallahi akwai ranakun da na ji da su biyun duk sun ishe ni.

Na ci jarrabawar. Da na zo na gaya mata, cewa ta yi, "To, ja nawa aka zuba miki?" Na wuce sakandare, na ƙara gaba, yau ina aiki a wani ofis a Bonapriso, ina zaune da iyalina a Logbaba. Da na fara aiki na sayo mata atamfa, na durƙusa zan yi godiya, ta ce kalar ta masu zaman takaba ce, kuma in tashi kar in ɓata mata tabarma da hawaye. Ta ɗaura atamfar nan har ta yage. Ita da Baba sun koma magana ba wanda ya san ranar, a kan yoyon kwano ne ma aka ji suna musu. Amma ya buɗe baki ya ce, "Yaya, kin yi gaskiya," ko sau ɗaya ban ji ba. Ita ma ba ta nema ba.

Wannan ita ce matar da ake cewa ba ruwanta da kowa, kuma a makokinta aka ɗora wa jikarta tire.

Ranar Talata, ranar sadakar uku, na hau babur daga Logbaba tun da sassafe da niyyar a yi wadda za a yi. An shimfiɗa tabarmi a layi, maza sun cika, liman na gaba. Baba na gefensa. Ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, sai da sanda, kuma tun da aka dawo daga maƙabarta ba wanda ya ji maganarsa. Ina shiga zaure sai ga yarinyar ta fito da tire, kofunan shayi da masa, ba rigar makaranta ba alamarta. Kafin in tare ta ta riga ta shiga cikin maza, inda ni ba ni da ikon bin ta. Na tsaya a bakin zaure ina kallo.

Ta durƙusa gaban Baba za ta ajiye masa kofi. Ya ƙura mata ido, ya daɗe.

"Ke, yau ba lekol?"

Yarinyar ta waiwaya ta dubi ubanta. Baba ya dafa kafaɗar liman ya yunƙura. Aka yi caa za a riƙe shi, ya ƙi. Ya saki sandar, ya sa hannu biyu ya karɓi tiren. Kofuna na karo da juna, shayi na zuba a kan farar rigarsa.

"Wuce ki sa rigarki," in ji shi.

Ƙanena ya taso da sauri. "Haba Baba, kawo mana. A gaban mutane?"

"A gaban mutane aka taɓa yi min, ban mutu ba. In tiren nan sai an ɗauka, to ko ni ko kai. Ba ita ba."

Ya fara bin sahu yana duƙawa da ƙyar, yana miƙa wa mutane shayi. Dattawa suna karɓa suna sunkuyar da kai. Liman ya ce, "Alhaji, zauna haka nan, ya isa." Baba bai tsaya ba. Ya ce, "Malam, yayata ta ɗauka ina bayanta, ta ɗauka ina da gemu. Ko sau ɗaya ban karɓar mata ba." Ƙanena ya bi shi a baya da butar shayi.

Ban tsaya ganin ƙarshe ba. Na finciko yarinyar, na zura mata riga, na tare mai babur, muka ratsa taɓo da kwatoci ina ce masa ya ƙara wuta. Ban san yadda baɗi za ta kasance ba. Babur ɗin ubanta har yanzu a kwance yake, shinkafar uwarta har yanzu tana neman mai kai ta kasuwa, kuma rigimar da aka ce kar in tayar, na ɗaga ta ne kawai zuwa bayan sadakar bakwai. Amma ranar dai mun iske ƙofa a buɗe.

Ta shige aji a guje. Ni kuwa, da na ce zan juya, sai na tsinci kaina a gindin taga, mace da furfura, da jakar ofis a hannu. Malama tana kiran suna. Ta kira na yarinyar. Daga can ƙarshen aji wata siririyar murya mai haki ta ce, "Prezan!"

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata bakinta, mu mun daɗe da yafewa. Don Allah a daina cewa mai haƙuri ce. Da ta yi haƙuri, da yanzu ina bakin kasuwa. Allah ya haskaka kabarinta, ya sauke mata duk wani nauyi. Ranar da za a kira kowa da sunansa kuwa, na san abin da za ta amsa.